Turkuɗin Da Ba Ya Zuba

Ƙarfe bakwai na safiyar Laraba Busasshiya ta ja numfashi. Haka ma'aikata suke cewa idan famfunan nan shida suka fara tura iska cikin tukunyar ƙarfe: ƙasa ta ɗan motsa, gilasan tagogi su yi rawa, allurar mitar matsi ta kama hawa sannu a hankali. Injiniya Huwaila Nomau tana tsaye gaban allon sarrafawa, hannayenta cikin aljihun farar rigar aiki, tana bin allurar da ido kamar yau ta fara ganinta. A cikin tukunyar akwai farin saƙi na rawani ɗari huɗu. Nan da awa biyu za su fito baƙi wuluk suna sheƙi, alhali ko cokali ɗaya na ruwa bai taɓa su ba.

Sunan injin a takarda ya kai layi biyu, ba mai iya faɗarsa da numfashi ɗaya. Mutanen Tungar Marina ba su da wannan lokacin. Suka ce Busasshiya, magana ta ƙare.

Yadda take aiki ba tsafi ba ne. Iskar kabon ce, wannan da ni da kai muke fitarwa ta hanci. Idan aka matse ta har matsin ya ninka na iskar sarari fiye da sau saba'in, aka kuma ɗumama ta ta ɗan wuce digiri talatin da ɗaya, sai ta rikiɗa ta zama wani abu, ita ba ruwa ba, ita ba iska ba. Tana ratsa zare kamar iska, tana kuma ɗaukar shuni kamar ruwa. Masana suna da sunan da suke kiranta, amma a masana'antar ruwan-iska ake cewa. Wannan kam tun zamanin kakanni an san shi. Inda ake maƙalewa shi ne wajen raba ta da shunin bayan an gama. Dole sai an saki matsin gaba ɗaya shunin ya zube, sannan a sake matse iskar daga farko, kuma wutar lantarkin da hakan ke ci ta isa ta haska unguwa guda.

A nan Huwaila ta shigo. Ta ƙera wani tantani na gasasshen yumɓu, bai kai kaurin bawon albasa ba, ta shimfiɗa shi a jikin siraran bututu dubu biyu. Hudojinsa ƙanana ne ƙwarai, ruwan-iska na wucewa ta cikinsu, shuni kuwa ba ya iya wucewa. Saboda haka ba a sake sakin matsi ko sau ɗaya. Iskar ta fito tas ta koma cikin saƙin, ta kwaso duk ƙwayar shunin da ba ta kama zare ba, ta kawo wa tantanin ya riƙe, ta sake komawa. Haka za ta yi ta zagaye har sau arba'in. Wannan matakin Huwaila ta sa masa suna wankin ƙarshe, kuma a duk injin ba abin da take ji da shi kamarsa.

To me ya kawo wannan wahala duka? Ruwa. A shekarar 2091 da awo ake ba da ruwa a Tungar Marina, kowane gida da mitarsa, har matan aure sun san lita nawa tuwon dare ke ci. Karofin garin kuwa, rijiyoyin rini ɗari uku da goma sha bakwai, suna shanye abin da unguwa biyar za ta sha, gubarsu kuma ta fara tsiyaya cikin rijiyoyin sha. Hukumar ruwa ta birnin ta yi shekaru tana son rufe su, marina suka ce sai dai a rufe da su a ciki. Sai ranar da Huwaila ta tsaya gabansu a zauren unguwa, ta ce, "Ku ba ni rijiyoyinku, ni kuma in ba ku rinin da Agali zai karɓa da hannu biyu."

Agali shi ne dattijon Buzun da yake saukowa daga arewa sau ɗaya a shekara, yau shekara arba'in, ya kwashi turkuɗin garin ya kai wa mutanensa su naɗa. Abin da ya taɓa ya ce ya yi, duk arewa ta karɓa. Abin da ya ajiye kuwa ya ajiyu. Marina suka dubi juna, suka ce ai 'yar Malam Nomau ce, wa ya fi ubanta sanin abin da Agali yake so? Suka amince. Aka bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya ana cika su da kankare, har ya rage saura guda, ta Malam Nomau ɗin. Ita ce za a rufe yau da ƙarfe goma.

Huwaila 'yar fari ce, kuma wanda ya san garin ya san abin da hakan yake nufi. Jirage sun daina shan mai, motoci sun daina neman direba, amma kunyar ɗan fari tana nan daram a Tungar Marina. Malam Nomau bai taɓa kiran sunanta ba. Ana yaye ta aka miƙa wa Gwaggonta a babban birni, can ta girma, can ta yi karatu, ƙafarta ba ta taɓa taka bakin rijiyar rini ba. In ta zo gaisuwa sai ta durƙusa daga bakin zaure ta ce, "Baffa, ina kwana." Ya amsa yana kallon bango, sannan ya tambayi duk wanda ke kusa, "An ba yarinyar nan abinci kuwa?" Iyakar hirarsu ke nan shekara talatin da takwas. Kada fa ka ce ba ya son ta. Ranar da sakamakon digirinta ya fito rago ya yanka, da aka tambaye shi dalili ya ce sadaka ce kawai.

A makon da ta dawo gida da zanen injinta, ya aiko mata da wani ƙunshi ta hannun Malam Jatau, tsohon almajirinsa a sana'a, wanda yanzu shi ne shugaban ma'aikatan Busasshiya. Ba saƙo, ba takarda. Ta kwance, sai ga turkuɗi, baƙinsa har ya koma ja-ja in rana ta taɓa shi. Tana ɗaga shi yatsunta suka rine, farar rigarta ta ɓaci daga ƙirji zuwa aljihu. Nan take ta tuna 'yan ajinsu a birni, yadda suke dariyar zanen da aka aiko mata daga gida, suna cewa kayan ƙauye mai zuba. Idonta ya ciko. Ta ce a ranta, Baffa ba zai iya faɗa mini da baki ba, shi ya sa ya nuna mini aibin sana'arsa da ya gagare shi. Wallahi sai na cire masa shi.

Allah Sarki! Shekara biyu cur ta yi a kan wankin ƙarshe, ba ji ba gani. Ranar da ya yi aiki kuwa, abu na farko da ta saka a ciki shi ne turkuɗin nan na mahaifinta. Ya fito ko a farar takarda ka goga ba ya barin alama. Ta sa aka yi masa gidan gilashi ta rataye a ofis.

Allurar ta kai inda ake so ta tsaya. Malam Jatau ya ƙaraso yana goge hannu da tsumma, hannun da shuɗinsa ya riga ya koɗe tun da aka rufe tasa rijiyar bara.

"Injiniya, baƙon namu Agali fa bai sauka jiya ba. Iska ta tsare jirginsu a hanya, sai ƙarfe goma na yau. Na ce ko za a ɗaga rufe rijiyar Malam zuwa gobe?"

"Don me, Malam Jatau?"

"Don dai ya fara ganin kayan."

Huwaila ta yi murmushi. "Hukuma ba za ta sakar mana babban layin wuta ba sai rijiya ta ƙarshe ta rufu, ka sani. Na riga na sa hannu tun makon jiya. Kuma me zai gani da zai ƙi?"

Jatau ya ci gaba da goge hannu da tsummansa. Watanni shida da suka wuce ya taɓa goga yatsa a wani gwaji ya ce mata, "Injiniya, wannan fa ba ya ba da baƙi." Ta amsa masa fuska cike da fara'a, "Ai shi ne aikin! Baffa da kansa ya nuna mini." Da ya ji an ambaci maigidansa sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Ya ce a ransa ƙila zamani ya juya, mutanen arewa sun sake ra'ayi, Malam ya samu labari, shi ne bai ji ba. Haka sauran dattawan ma suka zata. Kowa ya ɗauka wani ya faɗa mata.

Ƙarfe tara aka buɗe tukunya. Kai, abin ya yi kyau, gaskiya dai gaskiya ce. Rawani ɗari huɗu, launinsu ɗaya kamar daga zare guda aka yanko su. Ma'aikata suka yi ta kabbara, wani har da rawa. Aka jera su a kan dogon teburin zauren baƙi.

Ƙarfe goma da 'yan mintoci inuwar jirgin kaya na balan-balan ta rufe harabar masana'anta. Agali ya sauko yana dogara sanda, dogo, siriri, idanunsa kawai ake gani ta tsakanin naɗi. Fatar da ke ƙasan idanun shuɗiya ce, haka yatsunsa. Huwaila ta rusuna ta gaishe shi.

"Ke ce ta Nomau?" ya ce. "Rabona da ke tun kina goye. Ina uban naki?"

"Yana karofi, Kawu. Za mu je in ka huta."

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hanya, aka tambayi iyali da dabbobi. Ya sha shayi kofi uku bai ko kalli teburin ba. Sai da ya gama ya miƙe ya ɗauki rawani ɗaya, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ɗaga shi saitin taga. Ya gyaɗa kai. Zuciyar Huwaila ta yi fari tas.

Daga nan ya ɗan janye naɗinsa, ya lashi babban yatsansa, ya goga a jikin rawanin, ya duba yatsan.

Ya sake lasa, ya sake gogawa da ƙarfi. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku, ya zaro wani daga can ƙarshen teburi. 

"Ba ya zuba, Kawu," in ji Huwaila, cike da murna. "Ko kaɗan. Ka goga har gobe."

Agali ya ajiye rawanin a hankali, ya daidaita shi da 'yan uwansa. Ya daɗe yana kallonta, kuma ba fushi a idonsa. Da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Ɗiyata, wa ya ce miki ba ma son ya zuba?"



"A wurinmu," ya ce, "ranar da yaro ya isa naɗi, washegari ba rawaninsa ake kallo ba, fuskarsa ake kallo. In shuni ya hau masa kumatu, an san ubansa ya saya masa na gaske. Shi ke tare mana rana, shi ke hana fata tsagewa. Matanmu da gangan suke murza hannu a jikin zane don ya kama su. Dube ni." Ya nuna ƙasan idonsa. "Wannan aikin ubanki ne, na shekara arba'in. Naki yana da kyau, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Amma rowa gare shi. Ya riƙe komai, ba ya ba mutum ko kaɗan. In na kai shi gida za a ce tsufa ya sa na sayo leda."

Wani daga cikin ma'aikatan ya yi salati a hankali. Huwaila kuwa kanta bai daina aiki ba.

"In dai wannan ne da sauƙi. Sai mu tsallake wankin ƙarshe. Malam Jatau, ɗauko mini wanda bai shiga wanki ba, akwai a ɗakin gwaji."

Aka kawo da gudu. Agali ya lashi yatsa ya goga, yatsan ya yi shuɗi. Har an fara ajiyar zuciya, sai ya kai yatsan bakinsa ya hura. Shunin ya tashi kamar toka, ya bar fatar yadda take.

"Wannan ƙura ce," ya ce. "Na Nomau in ya hau ka sai ya kwana bakwai."

Jatau ya sunkuyar da kai. "Injiniya, abin da ke cikin rijiya ba shuni kaɗai ba ne. Rijiya rai gare ta. Tun kakan Malam ba a taɓa bari tasa ta mutu ba. In za a haɗa sabon rini, sai a bar tsohon ruwa a ƙasa ya kama sabon. Akwai wani danƙo da take sa wa zare, shi ne yake manne wa fata. Mu dai mun san shi a hannu, ba mu san sunansa ba."

Huwaila ta san sunan abin da yake nufi, ko da ba ta san irinsa ba. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda suka yi shekara ɗari da arba'in suna hayayyafa a rami guda, suna cin ganye da toka suna fitar da abin da babu shi a ko'ina. Ta ma taɓa ganin danƙon da idonta. Ranar da ta wanke turkuɗin mahaifinta ya taru a jikin tantani, ja-ja, yana yauƙi. Ta rubuta masa datti a littafin gwaji, ta sa aka ƙone.

Kwalba ɗaya take buƙata. Kwalba ɗaya ta ruwan rijiya mai rai, ta raya halittun a ɗakin gwaji, ta koya wa tantanin ya bar danƙon ya wuce. Ta dubi agogon bango. Sha ɗaya saura kwata.

Ta danna wayar da ke ɗaure a wuyan hannunta ta kira hukumar ruwa. Wata tattausar muryar na'ura ta amsa: "An kammala aikin rijiya mai lamba ɗari uku da goma sha bakwai da ƙarfe goma da minti arba'in. Muna godiya da haɗin kanku."

Duk da haka ta fita da gudu. Me za ta tarar? Ita ma ba ta sani ba, ƙafa ce kawai ta ƙi tsayawa. Ta bar takalmi ɗaya a matakala, ta ratsa layin motocin haya marasa direba suna ta tsayawa suna ba ta hanya, ta faɗa tsohon karofi. Filin ya zama shimfiɗar kankare, an jera faifan hasken rana sahu-sahu a inda rijiyoyi suke a da. Can ƙarshe, gindin wata tsamiya, injin zuba kankare yana naɗe bututunsa zai tafi, ba kowa a cikinsa da za a roƙa ko a zaga.

Malam Nomau yana zaune a kan kifaffen turmi, doguwar muciyar motsa rini a kan cinyarsa. Gabansa da'irar ɗanyen kankare ce, sumul, tana ƙyalli. Hannayensa shuɗi ne har gwiwa. Da ya ga mai zuwa sai ya mayar da fuskarsa wajen tsamiya.

Ta tsaya tana haki. Suna nan a haka har motar masana'anta ta kawo Agali da Jatau. Tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna suka daɗe ba su saki ba.

"Nomau," in ji Agali, "ko tulu ɗaya ba ka ɗiba ka ajiye ba?"

"Takardar hukuma ta ce kada a fitar da ko ɗigo."

"Kai da takarda, tun yaushe?"

"Sunan yarinyar nan ne a ƙasanta," Malam Nomau ya ce. "Mutum ɗari uku sun ba da nasu a kan maganarta. Ni in ɗiba a ɓoye, gobe a ce uban ma bai yarda da aikin 'yarsa ba? Da asuba na motsa ta kamar kullum, na yi mata sallama."

Nan Huwaila ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta. Ta wuce inda ta saba tsayawa, ta zo daf da gwiwarsa ta durƙusa, ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido.

"Baffa, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Jatau ya kawar da kai don kunya. Tsohon bai dube ta ba. Ya kalli Agali, da shi ya yi maganar.

"Na aika mata da mafi kyawun abin da hannuna ya taɓa yi. Wata uku ina tsoma shi. Na ce in ta taɓa ya kama mata yatsa, za ta ga inda ake son a kai."

"Na zaci aibinsa kake nuna mini," ta ce, hawaye na zuba. "Na wanke shi, Baffa. Shi na fara wankewa."

 Malam Nomau ya sa hannu biyu ya danne muciyar a kan cinyarsa. Can ya ce, har yanzu da Agali yake, "Da na ga gwajinta ba ya zuba, na ce ƙila na mutanen birni ne, na arewa yana tafe. Mai ilimi ce. Na ji nauyin in aika a tambaye ta, kamar ina gwada ta."

Wallahi abin tausayi ne. Ita ta kashe shekara biyu don ta faranta masa, shi ya ba da rijiyar kakansa don kada ya kunyata ta, kuma tsakanin gidansa da ofishinta tafiyar minti goma ce a ƙasa.

Malam Nomau ya sa hannu cikin babbar rigarsa ya zaro wani ƙunshi ya miƙa wa abokinsa. "Ka ce jikanka Ibra zai yi naɗi bayan salla. Ga nasa. Shi ne na ƙarshe da ya fito."

Agali ya kwance. Bai ma lashi yatsa ba, taɓawa kawai ya yi shunin ya hau. Ya kai shi hanci ya shaƙa, ya rufe ido. Sannan ya dubi matar da ke durƙushe a ƙasa da takalmi ɗaya.

"Ɗiyata, danƙon nan da kike nema, akwai shi a jikin wannan?"

"Akwai, Kawu. Amma ba mai rai ba ne. Sai dai in yi ta bincike ko zan gane yadda aka yi shi. Ban san ko zan iya ba."

"Ibra zai naɗa tsohon nawa," in ji Agali, ya ɗora mata ƙunshin a hannu.

Malam Nomau ya miƙe, ya jingina muciyar da tsamiya. Har ya yi taku biyu ya tsaya, ya ce wa Agali, "Ka ce mata kada ta wanke wannan."

Yau shekara huɗu ke nan. Ruwan rijiyoyin sha na Tungar Marina ya gyaru, yara sun daina ciwon ciki, wannan ba mai musu. Busasshiya tana jan numfashi kullum ƙarfe bakwai, ana yin labule da rigunan kujerun otal da kayanta, tsofaffin marina suna danna maɓalli suna ciyar da iyalinsu. Jirgin arewa dai bai sake sauka ba. In ya zo wucewa inuwarsa takan ratsa karofi, dattawa su ɗaga kai su bi shi da kallo har ya ɓace.

Huwaila ta sauke gidan gilashin nan daga bangon ofis. Kowane wata takan yanki rawanin Ibra daidai faɗin farce, ta saka a ƙaramar tukunyar gwaji, tantaninta ya rarraba mata abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙirga abu sittin da uku zuwa yanzu. Rabawa ba ta taɓa ba injin wahala ba. Yadda za a mayar da su su zama abu guda ne har yau ba ta samo ba, rawanin kuma kullum raguwa yake.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci takan kai sabon gwaji gida. Ta durƙusa a bakin zaure, ta tura ƙyallen a kan tabarma. Malam Nomau ya ɗauka yana kallon bango, ya lashi babban yatsa, ya goga, ya hura. Sannan ya ce wa duk wanda ke kusa, ko da ba kowa, "A ce mata ta kusa."

Juma'ar da ta wuce, da ya ɗaga yatsan saitin ƙofa don ya gani da kyau, Huwaila ta saci kallon hannun. Ta nemi shuɗin nan da ta sani tun tana yarinya, a tafin, a gefen farce, a tsagar fata. Babu. Hannun Baffa ya koma irin na kowa.